Haƙƙin wadda aka yi wa fyaɗe ba ya jiran hukuncin alƙali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan yadda ake ba da labarin fyaɗe, a jaridarku da sauran kafafen yaɗa labarai. Salon kusan ɗaya ne kullum: an kama wani, an gurfanar da shi, jama'a sun yi tir, wani babba ya ce a riƙa rataye su ko a dandaƙe su, shi ke nan labari ya ƙare. Ita kuwa wadda abin ya faru a jikinta da ƙyar take samun layi biyu, kuma layukan ba sa gaya wa uwar da ke karantawa abin da za ta yi idan, Allah ya kiyaye, gobe 'yarta ce ta shigo gida tana ɗingishi ta kasa magana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya. Mafi yawan aikina a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa na yi shi, kuma a can na ga cewa abin da ake asara a irin wannan lamari, ana asararsa ne tun kafin a je gaban alƙali, wani lokaci tun kafin gari ya waye. Wadda aka yi wa fyaɗe tana da haƙƙoƙin da ba sa jiran a kama kowa, balle a yanke masa hukunci. Tun 1985 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa kan haƙƙin waɗanda aka zalunta, kuma a ciki an fayyace cewa mutum yana nan a matsayin wanda aka zalunta ko ba a gano mai laifin ba, ko ba a kama shi ba, ko kotu ba ta same shi da laifi ba, kuma ko da ɗan uwansa ne na jini ya cuce shi. Sanarwar ta ce a mutunta shi, a riƙa sanar da shi inda shari'arsa ta kwana, a kare sirrinsa, a kula da lafiyar jikinsa da ta zuciyarsa. Ban taɓa ganin iyalin da suka zo wurinmu da sanin wannan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokaci. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki bayan an yi wa mutum fyaɗe, mu a asibiti PEP muke ce masa. Dole a fara shansa cikin awa 72, kuma iya saurin da aka yi iya amfanin da zai yi, sannan a sha shi kullum har kwana 28 ba fashi. Yakan sa tashin zuciya da kasala, shi ya sa wasu ke watsar da shi tun makon farko idan ba mai bibiyarsu. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa wa'adinsa kwana 5 ne, shi ma da wuri ya fi. Akwai allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B, da magungunan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da ɗinkin inda ya yage, musamman a jikin ƙananan yara. Awa 72 kwana uku ne kacal, kuma kwana ukun nan su ne daidai lokacin da iyali ke ɗauka suna shawara: a gaya wa uba ko a ɓoye masa, a kira kawu, a jira babban yaya ya dawo daga tafiya, a je a ji ta bakin iyayen yaron. Ranar da aka gama shawarar aka kawo mana yarinya, sai ka duba kwanan wata ka ga ihu ne bayan hari. Za mu yi mata abin da ya rage, domin ko bayan wata guda aka zo akwai abin yi, amma wancan maganin dai ya wuce ta.

Sai maganar wanka. Ban taɓa ganin laifin uwar da ta ga 'yarta a wannan hali ta ɗora ruwan zafi ta wanke ta tas, ta wanke kayan ko ta ƙone su ba. Tausayi ne ya sa ta. Amma abin da ta wanke shi ne shaidar da ba a iya tsorata ta, ba a kuma iya saye ta: maniyyi, gashi, jini, fatar da ta maƙale a ƙarƙashin farce. In da hali a zo asibiti kafin wanka. Tufafin da ke jikinta a naɗe su a takarda ko a sa a ambulan, kowanne daban, kada a ƙulle su a leda, domin damshi yana lalata abin da masu gwajin DNA ke nema. Saƙonnin waya kada a goge su, ko na batsa ne ko na barazana, su ma hujja ne. In kuma an riga an yi wankan, a zo duk da haka. Na sha jin "ai mun riga mun wanke ta, zuwa asibitin ba shi da amfani", alhali magani bai damu da wanka ba.

A nan zan juya kan abokan aikina, domin mu ma muna da namu. Sau da yawa iyali sukan daure su zo, sai wani a bakin ƙofa ya ce su je su kawo takardar 'yan sanda tukuna. A je caji ofis, a yi jira, a ce jami'in da ke kula da wannan ya fita, a dawo gobe, awoyi suna ta tafiya. Jinya ba ta da sharaɗin kai ƙara. A Afirka ta Kudu dokar laifukan jima'i ta 2007 ta ba wadda aka yi wa fyaɗe damar samun PEP kyauta idan ta je asibitin gwamnati da aka ware cikin awa 72, ko ba ta shigar da ƙara ba. Indiya, bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disambar 2012, ta gyara dokarta a 2013 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya yi wa wadda aka yi wa fyaɗe jinyar farko nan take kuma kyauta, ta kuma sa hukunci a kan ɗan sandan da ya ƙi rubuta ƙorafinta. Babbar mace ita ke da ikon cewa za ta kai ƙara ko ba za ta kai ba, aikinmu mu yi mata magani, mu adana hujja, mu rubuta abin da muka gani da kyau, ko da sai bayan wata shida za ta yanke shawara. Yaro ƙarami kam hukuncinsa daban, domin a ƙasashe da yawa doka ta tilasta wa ma'aikacin lafiya ko malami ya sanar da hukuma.

A ɗakin gwaji ma ita ke da ta cewa. Tana da damar a yi mata bayanin kowane mataki kafin a taɓa ta, ta ce a dakata, ta nemi mace ta duba ta, ta zaɓi wanda zai tsaya kusa da ita. An riga an yi wa jikinta abu ba da yardarta ba, bai kamata asibiti ya maimaita ba. Akwai kuma abin da ake kira gwajin budurci, wanda iyaye da kansu kan nema, wani lokaci har 'yan sanda. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu sun yi kira da a daina shi, domin ba shi da tushe a ilimin likitanci: duba jikin mace ba ya nuna ko ta taɓa saduwa da namiji. Kotun Ƙolin Indiya ta yi tir da shi a 2013, ta sake nanatawa a 2022 cewa duk wanda ya yi shi ya saɓa ƙa'idar aiki. Haka nan rashin rauni ba ya nufin ba a yi fyaɗe ba. Tambayar da na fi tsana a duniya ita ce "me ya sa ba ki yi ihu ba?" Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mata 298 da suka je asibitin gaggawa na waɗanda aka yi wa fyaɗe a birnin Stockholm ya gano kashi 70 cikin ɗari jikinsu ya sandare ne lokacin da abin ke faruwa, suka kasa motsi ko magana. Haka jiki ke yi idan tsoro ya kai maƙura. Ƙasar Siwidin ta gyara dokarta a 2018, abin da kotu ke tambaya yanzu shi ne ko ta yarda, ba ko ta yi kokawa ba.

Malam Edita, abin da ke kashe yawancin ƙararrakin nan sunansa sulhu. Na ga yadda ake yinsa a barandar asibiti. Manya maza su keɓe gefe guda, muryoyi ƙasa-ƙasa, a ce a rufa asiri, a ce kada a ɓata wa yarinya suna, wa zai aure ta nan gaba, a ce yaron ɗan gidan mutunci ne, sharrin shaiɗan ne. A biya kuɗin magani, a ɗora wani abu a kai, a yi musabaha. Ita tana kwance a ciki ba wanda ya tambaye ta ko uffan. Asirin da aka rufa kuwa nasa ne, domin ita unguwa ta riga ta ji, shi kuma ya koyi darasi ɗaya: abin yana da farashi kuma ya iya biya. Na ga yarinya ta biyu daga hannun mutum ɗaya, bayan an sasanta ta farko. Fyaɗe laifi ne da hukuma ke tuhuma a kai, shi ya sa mai gabatar da ƙara na gwamnati ke tsayawa a kotu, kuma yafiyar uba ko kawu ba ta goge shi a idon doka. Idan kuɗi ne damuwar, kuma na san talauci ba ƙarya ba ne, doka ta tanadi hanyarsa ba tare da an sayar da shari'ar ba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta Najeriya ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta ce kotu ta yanke wa wadda aka zalunta diyyar da ta dace, ƙari a kan ɗaurin da zai iya kaiwa na rai da rai, wanda ga baligi bai gaza shekara 12 ba, ga waɗanda suka yi taron dangi kuma bai gaza shekara 20 ba. Dokar tarayya ce da ke aiki kai tsaye a Abuja, jihohi sai sun amince da tasu, don haka kowa ya binciki ta inda yake. A ƙasashe da dama kuma ana iya shigar da ƙarar neman diyya daban da ta laifi, inda hujjar da ake buƙata ba ta kai nauyin waccan ba.

Mafi munin sulhu shi ne a aura masa ita. Akwai ƙasashen da har doka ta taɓa ba da wannan ƙofa, mai laifi ya kuɓuta idan ya auri wadda ya lalata. A Maroko sai da Amina Filali, yarinya 'yar shekara 16 da aka aurar wa wanda ta ce ya yi mata fyaɗe, ta kashe kanta a 2012, sannan majalisa ta soke wannan sashe a 2014. Tunisiya da Jodan da Labanon suka bi sahu a 2017.

Waɗanda suka daure suka kai kotu, su ma akwai abin da ya kamata su sani, domin tsoron tonon silili ne ke korar mutane. Lauyan wanda ake tuhuma ba shi da damar tone tarihin mace yadda ya ga dama. Amurka ta taƙaita wannan a kotunan tarayya tun 1978, dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ma ta hana tambayarta game da mu'amalarta da wasu maza sai da izinin alƙali. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta ba da damar a saurari irin wannan ƙara ba a bainar jama'a ba, ko a ba da shaida ta bidiyo ko a bayan labule. A Kenya kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2003 cewa dagewa sai an sami wata shaida da ta goyi bayan maganar mace a shari'ar fyaɗe nuna bambanci ne, ya saɓa wa tsarin mulki. Amma waɗannan kariya ba sa zuwa da kansu, sai wani ya miƙe ya nema, shi ya sa samun lauya ko ƙungiyar da ke ba da taimakon shari'a kyauta tun ranar farko yake da muhimmanci. In ba haka ba, a ɗage shari'a yau, a ɗage gobe, a ba da belinsa ya dawo unguwa yana harararta, kuɗin mota ya ƙare, iyali su gaji su bari.

Yanzu ga naku, 'yan jarida. Kukan ce "mun sakaya sunanta", sai ku faɗi shekarunta, da unguwarsu, da sana'ar mahaifinta, da cewa wanda ake zargi maƙwabcinsu ne, ku kuma buga hotonsa. Wa ya rage bai gane ta ba? A Ingila doka ta 1992 ta haramta wallafa duk abin da zai sa a gane wadda ta yi ƙorafin fyaɗe, har iya rayuwarta, sai in ita ta yarda. Indiya ma ta mai da bayyana sunan laifi. Zaɓin nata ne. Gisèle Pelicot a Faransa ta zaɓi a yi shari'arta a fili a 2024, don kunyar ta koma kan waɗanda suka aikata, kotu kuma ta sami maza 51 da laifi, ciki har da tsohon mijinta da aka ɗaure shekara 20. Duniya ta jinjina mata. Amma ita ta zaɓa, tana babbar mace, da lauyoyinta a gefe. Yarinya 'yar shekara 11 ba ta zaɓi komai ba, kuma abin da aka sa a intanet yana nan har ranar da za ta nemi aiki ko aure.

Ina ta cewa "ita", amma kada a ɗauka mata kaɗai ne. Alƙaluman da UNICEF ta fitar a 2024 sun nuna mata sama da miliyan 370 da ke raye, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, maza kuma tsakanin miliyan 240 zuwa 310, kusan ɗaya cikin sha ɗaya. Yara maza sun fi shiru. Sukan zo mana da ciwon ciki ko zubar jini, sai a hankali magana ta fito. Tsofaffin dokoki da yawa ba su ma san ana yi wa namiji fyaɗe ba, dokar VAPP tana cikin waɗanda suka gyara wannan.

Game da kiran a kashe su ko a dandaƙe su, na fahimci fushin, domin ni na ɗinke abin da suka yaga. Jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙewa a 2020, Bangaladash ta sa hukuncin kisa a shekarar. Sai dai ina da shakka, kuma daga abin da na gani ta fito. Mafi yawan masu wannan aika-aika ba baƙi ba ne: kawu ne, mijin uwa ne, malami ne, ɗan maƙwabci ne. Yarinyar da ta san maganarta za ta kai ɗan uwan babanta ga igiya, shiru za ta yi, in ma ta faɗa gida za a danne. Kwamitin Mai Shari'a Verma da Indiya ta kafa bayan abin da ya faru a Delhi ya ƙi ba da shawarar hukuncin kisa da na dandaƙewa a rahotonsa na 2013, duk da zafin da jama'a ke ciki a lokacin. Hukunci mai tsanani a takarda ba ya tsorata wanda ya san ƙarar ba za ta wuce caji ofis ba. Da za a tambaye ni, kuɗi da ƙarfin a zuba su wajen horar da masu bincike, da ɗakin gwajin hujja, da alƙalan da za su gama shari'a cikin watanni.

Bayan rauni ya warke akwai sauran aiki, kuma shi ne aka fi mantawa. Rashin barci, firgita, fitsarin kwance ga yaron da ya daina, ƙin zuwa makaranta, wani lokaci tunanin kashe kai. Wannan ciwo ne da ake yi wa magani, akwai masu ba da shawara da suka karanci hakan. Dakta Denis Mukwege, wanda ya kafa asibitin Panzi a Bukavu da ke Kwango a 1999 kuma ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2018 tare da Nadia Murad, ya gina aikinsa ne kan cewa tiyata kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da kula da zuciya, da lauya, da sana'ar da mace za ta tsaya da ƙafarta. Cibiyoyin Thuthuzela na Afirka ta Kudu sun tara likita da ɗan sanda da mai ba da shawara a wuri ɗaya, suna aiki tare da masu gabatar da ƙara, don kada a sa mutum ya yi ta maimaita labarinsa daga ofis zuwa ofis. Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013 irin wannan hanya ta bi. Yarinyar da ciki ya shiga kuma kada a haɗa mata zafi biyu a kore ta daga makaranta. Kotun ECOWAS ta yanke a 2019 cewa hana 'yan mata masu ciki zuwa aji da Saliyo ta yi nuna bambanci ne, ƙasar ta janye haramcin a 2020.

Roƙona gare ka ƙarami ne, ba zai ci muku ko kwata na shafi ba. Duk ranar da za ku buga labarin fyaɗe, ku sa ɗan akwati a ƙarƙashinsa: a je asibiti cikin awa 72, kada a jira takardar 'yan sanda, kada a wanke tufafi, ga cibiyoyin da ke karɓar irin waɗannan mutane kyauta da lambobinsu, bayan wakilinku ya kira ya tabbatar ana ɗagawa. Sannan idan kun ba da labarin an gurfanar da wani, ku sa wakilin ya koma kotun bayan wata uku ya gaya mana inda aka kwana.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya